Katin siriyal mai baki da yawa, USB, ko akwatin netwok: wanne zai zauna lafiya da kwamfutarka?

A kakar bara, lokacin da shanshera ke shigowa Kaduna mota-mota, aka kira ni wani kamfanin casar shinkafa a yankin Kakuri tun da hantsi. Na tarar tireloli sun yi layi daga bakin sikeli har titi, masu tuƙi sun sauko sun shimfiɗa tabarmi a inuwar motocinsu, magatakardan sikeli kuwa ya koma rubuta nauyi da biro a littafi, gumi na ɗiga kan takarda. Tsohuwar kwamfutar ofishin awo mai Windows 7 ce ta mutu, aka sayo wata mai Windows 11, aka zare katin siriyal mai baki 8, wato katin da ke ba kwamfuta ramuka 8 na jona wayoyin na'urori irin sikeli da firinta, daga tsohuwar aka soka a sabuwar, amma ko baki ɗaya bai amsa ba. A jikin wannan katin kuma rayuwar ofishin take: babban sikelin mota, sikelin buhu guda 2, na'urar gwada laimar shanshera, firintar rasit, da allon waje da ke nuna wa mai kaya nauyin kayansa.

Mai kamfanin ya tare ni a ƙofa. "Malam, katin ne ya ƙone? In sabo za a saya ka faɗa, a aika Legas yau ɗin nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, katin lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar ta gan shi, yarensa ne ba ta ji. Tafinta ta rasa."

Tafintan nan shi ne ƙaramar manhajar da muke kira direba, wadda ke shiga tsakanin babbar manhajar kwamfuta da kowane irin kayan da aka jona mata. Tun daga ranar nake son rubuta wannan bayani, domin tambayar da Alhaji ya yi min ita ce masu ɗakin gwajin jini, da masu gidan mai, da masu kula da janareta da injinan masana'anta suke yi min: me zan saya wanda ba zai ba ni kunya ba ranar da na sauya kwamfuta? Hanya 3 ce a gabanka. Ko katin da ake sokawa cikin kwamfuta, ko na'urar da ke mayar da USB siriyal, ko akwatin da ke ɗora siriyal a kan wayar netwok. Kowacce da inda take cin tuwo, kowacce kuma da inda take kwanciya dama, kuma kusan duk kwanciyar a wajen direba take.

Kafin a kai ga zaɓi, akwai abin da ya kamata mutum ya riƙe da kyau: sunan da ke jikin kwali ba shi ne ke yanke hukunci ba. Kamfanoni da yawa suna haɗa kati su buga sunansu, amma cif ɗin da ke tsakiyar katin, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin ainihin aikin, na wasu tsirarun kamfanoni ne, kuma direba cif yake bi. Kati 2 masu suna daban na iya zama abu guda a ciki, kamar yadda kati 2 masu suna ɗaya da lamba ɗaya na iya ɗaukar cif daban in an yi su a shekaru daban. Don haka aikin farko shi ne ka tambayi katin da kansa. A Windows ka buɗe Device Manager, ka danna kan abin da ke ɗauke da alamar rawaya, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga layi mai VEN_ da DEV_, kowanne da lamba 4 a bayansa. Ta farko ce sunan gidan da cif ɗin ya fito. 13A8 na Exar ne, 1415 na Oxford, 9710 na MosChip, 125B na ASIX, 1C00 na WCH, 1393 na Moxa, 114F kuma na Digi. A Linux, wadda ita ma babbar manhajar kwamfuta ce kamar Windows, umarnin lspci -nn zai fito maka da lambobin nan a ƙarshen layi. Da su za ka je neman direba, ba da hoton kwali ba.

Mu fara da kati, tunda shi ne tushen maganar. Ƙarfinsa a fili yake. Yana zaune daram cikin kwamfuta, ba wayar da yaro zai yi tuntuɓe da ita ya zare, lambobin bakunansa ba sa yawo daga rana zuwa rana, kuma saƙo na shiga da fita ba jinkiri. Na'urorin da ke tambaya da amsa cikin gaggawa, irin injinan masana'anta da ke magana da yaren Modbus, sun fi jin daɗinsa. Cif na zamani ma yana da rumbun ajiyar wucin gadi mai girma. Tsohon cif 16550 da kowa ya sani bayit 16, wato kamar harafi 16, kawai yake riƙewa kafin kwamfuta ta zo ta kwasa, na Oxford yana riƙe 128, jerin XR17V35x na Exar kuma 256 a kowane baki. Wannan na da amfani ranar da bakuna 8 suka buɗe a lokaci guda kwamfutar kuma tana fama da wani aikin, domin rumbun da ya cika zubar da saƙo yake yi, sai ka ga nauyin mota ya fito da lamba guda a ɓace.

Rauninsa kuwa, yana ɗaure da kwamfutar da babbar manhajarta ɗaurin goro. A Windows, Device Manager yakan faɗa maka ciwon da lamba, in ka san karatunta. Code 28 na nufin ba a sa direba ba sam. Code 10 na nufin an sa amma kayan ya ƙi tashi, wanda sau da yawa direban wani cif ne aka ɗora masa. Code 52 kuma shi ne ya fi kama tsofaffin katuna, wato Windows ba ta gamsu da sa hannun da ke kan direban ba. Tun daga fitowar Windows 10 mai lamba 1607 a shekarar 2016, sabon direban da zai shiga can cikin zuciyar manhajar sai ya bi ta hannun Microsoft an sa masa hannu, musamman a kwamfutar da Secure Boot, wato tsaron da ke binciken manhaja lokacin tashin kwamfuta, ke kunne. Windows 11 kuma sau da yawa tana zuwa da wani shinge a kunne da ake kira Memory integrity, wanda kan ƙi wasu tsofaffin direbobi ko da suna da sa hannu. Faifan sidi da ya zo cikin kwali shekara 10 da suka wuce bai san da wannan zance ba.

Akwai masu gyara da ke kashe binciken sa hannun don kati ya tashi. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan a kwamfutar da ake lissafin kuɗin mutane da ita. Na farko, kashewar ta lokaci ɗaya ce, da an sake kunna kwamfuta sai a koma gidan jiya, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a rana wannan ba magani ba ne. Na biyu, ka buɗe ƙofar da aka rufe da dalili. Abin yi shi ne a je shafin kamfanin da ya yi cif ɗin, ba wanda ya haɗa katin ba, a duba ko yana da direban da ya ambaci Windows 11 da baki. A nan ne tarihin kamfanonin ke da amfani. MaxLinear ta sayi Exar a 2017, don haka can za ka nema. Kayan siriyal na MosChip sun koma hannun ASIX. Oxford kuwa PLX ta saye ta a 2009, ita ma PLX Avago ta saye ta a 2014, wadda yanzu ake kira Broadcom, shi ya sa neman sabon direban Windows na cif ɗin Oxford ya fi sauƙi ta wajen wanda ya haɗa katin, in har yana nan da ransa. Ga wanda zai sayi sabo don Windows, wannan kaɗai ya isa ya sa ya yi tunani sau 2.

A Linux labarin ya sha bamban, kuma a ganina a nan kati ya fi samun kwanciyar hankali. Direbobin yawancin cif ɗin nan suna cikin kanel, wato zuciyar manhajar Linux, tun asali, 8250_pci na ɗaukar Oxford da MosChip da WCH, 8250_exar na ɗaukar Exar, kuma duk wanda ya sabunta kanel ya sabunta su tare. Amma akwai rami guda da ke cin mutane. Kanel na keɓe adadin bakunan siriyal tun lokacin tashi, wasu rabe-raben Linux kuma 4 kawai suke keɓewa. Sai ka soka kati mai baki 8, lspci ya nuna shi sarai, amma dmesg ya nuna 2 ko 3 kawai sun samu suna, sauran kuwa an ce ba wuri. Mutum ya ɗauka katin rabi ya mutu. Maganin layi ɗaya ne: a ƙara 8250.nr_uarts=16 cikin /etc/default/grub, a yi update-grub, a sake kunnawa. Sai kuma a tabbata mai amfani yana cikin rukunin dialout, in ba haka ba bakin na nan amma za a hana shi shiga. Abin da ya kamata a guda shi ne katin da sai an haɗa direbansa da hannu daga fayil ɗin kamfani. Yau ka haɗa ya yi aiki, gobe kanel ya sabunta ya watse, Secure Boot ma na iya ƙin karɓarsa. Cif ɗin AX99100 na ASIX, wanda ke cikin katuna masu araha da yawa, sai a 2023 ya samu shiga kanel, don haka mai tsohon Linux ya duba wannan kafin ya biya kuɗi.

Abu 2 na ƙarfe da ke lalata ciniki tun ba a kai ga direba ba: tsohon ramin PCI ya ɓace daga yawancin sababbin kwamfutoci, sai PCIe, sannan ƙananan kwamfutocin ofis na tokumbo da suka cika shaguna ba sa ɗaukar kati mai dogon ƙarfe, sai mai gajere. Ka kuma riƙe wayar da ke zuwa da katin, mai kai ɗaya da rassa 8, kamar ranka. Tsarin wayoyin cikinta ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ko da kan ya shiga daidai.

Sai USB. Ita ce mafi araha, mafi sauƙin samu a shagunan kwamfuta na Ahmadu Bello Way da kewayen babbar kasuwa, kuma ita kaɗai ce hanyar mai laftof. Ni kaina ba na fita aiki ba tare da guda a jaka ba. Direbobin cif ɗin FTDI da Silicon Labs da CH340 suna cikin kanel na Linux, a Windows kuma sau da yawa da kansu suke saukowa in akwai intanet. In ka ga akwati mai baki 4 da cif FT4232H na gaske a ciki, ka samu abin kirki.

Kalmar "na gaske" ce matsalar. Jabun cif ya cika duniya, kamfanonin asali kuma ta direba suke rama. A watan Oktoban 2014 FTDI ta saki direban da ke mayar da lambar shaidar jabun cif zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane shi, har sai da surutu ya yi yawa aka janye. A farkon 2016 wani direban ya zo yana cusa saƙon cewa kayan ba na asali ba ne cikin bayanan da ke wucewa. Ka kwatanta wannan a kan layin sikeli. A ɓangaren kamfanin Prolific kuwa, sababbin direbobi na ƙin tsohon PL2303HXA, wanda aka daina tun 2012, kuma shi ne wanda aka fi kwaikwaya, sannan PL2303TA ma an rubuta ƙarara cewa ba ya tafiya da Windows 11. Mutane na neman tsohon direba su ɗora, ya yi kwana 2, Windows ta sabunta shi cikin dare, da safe a tarar da alamar rawaya ta dawo. Mai shago bai cuce ka da gangan ba, shi ma a kwali ya saya, amma kai ne za ka tsaya gaban masu jiran rasit.

Ko na gasken ma yana da halinsa. Cif ɗin da ba shi da lambar kansa, irin CH340 na gama-gari, in ka zare shi daga wannan ramin USB ka mayar wancan, Windows za ta ba shi sabuwar lambar COM, wato sunan da take kiran kowane bakin siriyal da shi, manhajar sikeli kuwa tana can tana jiran tsohuwar. FTDI na da lambar kansa, don haka yana riƙe sunansa, kuma a Linux za ka iya kiransa ta /dev/serial/by-id ba tare da damuwa da wanda ya riga tashi ba. Sai dai yana jira milisakan 16 kafin ya tura guntun saƙo, wanda ake iya ragewa zuwa 1 a cikin Advanced in na'ura na ƙorafin jinkiri. Akwai kuma tanadin wuta da ke sa Windows ta kwantar da ramin USB in ta ga shiru, abin da ya kamata a kashe a kowace kwamfutar aiki. Hukuncina a kanta: don tafiya, don gwaji, don na'ura 1 ko 2 a kan teburi, ta wadatar. Amma a jera guda 6 a jikin hob ɗaya, wato akwatin ƙara ramukan USB, a ce su riƙe kamfani dare da rana, ban taɓa ganin ya ƙare lafiya ba.

Hanya ta 3 ita ce mutanenmu suka fi ƙarancin sani, ita ce kuma nake so a ƙara dubawa. Akwati ne ƙarami, gefe ɗaya bakunan siriyal, ɗaya gefen ramin wayar netwok. NPort na kamfanin Moxa da ke Taiwan shi aka fi gani, akwai kuma na Digi da Lantronix, daga mai baki 1 har mai 16 ko fiye. Ana ajiye shi kusa da na'urar, ba kusa da kwamfuta ba, kuma wannan ne babban abin. Tsarin RS-232, wanda bakin siriyal ke bi, ya fito tun 1960, kuma abin da aka saba ƙiyasta masa wajen mita 15 ne na waya. Mu kuwa a nan sai a ja shi mita 50 daga sikeli zuwa ofis, ya bi gefen injin casa da wayar janareta. Da rani yana lallaɓawa. Da damina ta sauka, tsawa ɗaya a kusa sai bambancin wutar ƙasa tsakanin gini 2 ya bi ta wayar ya ƙone baki, wani lokaci ya haɗa da uwar allon kwamfutar. Wayar netwok na kai mita 100, kuma a ƙa'idarta akwai rabuwar wuta ta bolt 1,500 a kowane kai. Ba ta hana tsawar da ta faɗo kai tsaye, amma tana hana da yawa daga abin da ke kashe katuna.

Ta fuskar direba, akwatin na da fuska 2. In manhajarka ta iya magana da adireshin netwok kai tsaye, ba ka buƙatar direba ko ɗaya, kuma ka huta da wannan babin har abada: sauya Windows, koma Linux, mayar da manhajar cikin kwamfutar gaibu, wato ta kwaikwayo da ke aiki a cikin babbar kwamfutar saba, akwatin bai san an yi ba. In kuwa tsohuwar manhaja ce da ba ta san komai ba sai COM, sai an sa direban da ke ƙirƙiro mata COM na kwaikwayo, wanda Moxa ke kira Real COM. A Windows wannan na tafiya sumul matuƙar kamfanin na sabunta shi. A Linux irin direban da ake haɗawa da hannu ne, wato ciwon da na ambata ɗazu, shi ya sa a can na fi son a bi ta netwok kai tsaye ko a yi gada da manhajar socat. Kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba, yana son wutarsa daban wadda dole a ɗora kan inbata tare da suwic ɗin netwok, yana son adireshi tsayayye, kuma kada a kuskura a bar shi a buɗe ga intanet da kalmar sirrin da ya zo da ita. Yana kuma ƙara ɗan jinkiri, wanda sikeli da firinta ba sa ji, amma wasu injinan masu tsananin ƙa'idar lokaci suna ji.

To wa zai ɗauki wanne? In na'urorinka duk suna ɗaki ɗaya da kwamfutar tebur da ba ta motsi, kamar ɗakin gwaji mai injin 4 ko 5, kati ne naka, kuma in Linux ce ko kana da damar zaɓa, nemi mai cif ɗin Exar. In Windows ce, kada ka biya sai ka ga direban Windows 11 a shafin mai shi da idonka, domin tallafin Windows 7 ya ƙare tun 14 ga Janairun 2020, na Windows 10 kuma 14 ga Oktoban 2025, ba inda za a koma baya. In akwai ko na'ura ɗaya a wani ginin daban, ko wayar za ta ratsa fili, akwatin netwok ne ko a mayar da layin RS-485, wani tsarin siriyal mai kai mita 1,200, in na'urar ta iya. Tsadarsa ba ta kai kuɗin kwana ɗaya na tireloli a layi ba.

Duk wanda ka zaɓa, ka gwada shi kafin ka zargi direba. Ɗauki guntun waya ko kilif ɗin takarda ka haɗa fil na 2 da na 3 a bakin DB9, wato bakin siriyal mai fil 9, ka buɗe manhajar PuTTY a kan wannan COM ɗin, ka buga haruffa. In sun dawo kan allo, kati da direba sun fita daga zargi, saura waya, ko gudun saƙo, ko kuma na'urar na son wayar da aka juya 2 da 3 a cikinta.

Haka muka yi a Kakuri. Lambar VEN ta kai mu gidan mai cif, muka tarar da direba mai sa hannu, alamar rawaya ta ɓace. Amma manhajar awon ta ci gaba da cewa ba ta ga sikeli ba, har magatakarda ya fara cewa, "Oga, ko dai a dawo da Windows 7 ɗin?" Da na duba, bakunan sun fito daga COM5 zuwa COM12, ita kuwa tsohuwar manhajar daga COM1 zuwa COM4 kawai take lissafawa. Muka shiga Port Settings, sannan Advanced, muka mayar da bakin babban sikeli COM1, na firinta COM2, sikelin buhu 2 suka ɗauki COM3 da COM4, na'urar laima da allon waje kuma, da yake manhajarsu daban ce, muka bar su inda suke. Na rubuta lambar kowane reshe a jikin salatif na manna masa. Kafin la'asar tirelar farko ta hau, nauyinta ya fito a allon waje, firinta ta tofo rasit.

Da zan tafi na bi wayar babban sikelin da ƙafa, na ƙirga taku 70 daga ɗakin awo da ke bakin sikelin zuwa ofis, na kuma ga baki 2 a jikin katin an liƙe su da baƙin salatif, waɗanda magatakarda ya ce damina 2 da suka wuce ne suka ci su. Na nuna wa Alhaji. Kafin ruwan farko ya sauka muka sa akwatin netwok mai baki 2 a ɗakin awo, ɗaya na sikeli ɗaya na allon waje, muka bar sauran a jikin katin, sannan na kwafe direbobin duka a filashi 2, ɗaya a durowar magatakarda, ɗaya a sef ɗin Alhaji, da lambobin VEN da DEV a rubuce a jikin ambulan.